Bernard, Wanda Ya Hana Ni Gyaran Murya

Yabo ya tabbata ga Allah da Ya mayar da iskar ƙirji magana, Ya bambanta muryoyin bayinSa har uwa take gane kukan ɗanta a cikin taro. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, na saba rubuta tarihin malamai: wane ya yi karatu a gaban wane, ya haddace kaza, ya rasu shekara kaza. Wannan karon zan rubuta na wani mutum da ba malami ba ne a ma'anar da muka saba, ba ma Musulmi ba ne. Sunansa Bernard, mazaunin Birnin Kudu, sana'arsa waƙa da koyar da ita. Duk wanda ya san abin da na shekara talatin ina faɗa a kan mawaƙa, na ba shi izinin fara dariya tun daga nan.

An haife shi a Birnin Kudu shekara hamsin da uku da suka wuce. Mahaifinsa mutumin kudu ne, gyaran injin ban ruwa ya kawo shi, a nan kuma aka binne shi. Mahaifiyarsa Margaret ungozoma ce, da yawa daga cikin masu furfurar garin yau a hannunta suka faɗo duniya. Hausar bakinsa ta 'yan gari ce, idan yana bayan katanga ba za ka raba shi da jikokina ba. Ya fara rera waƙa a cocinsu yana ɗan shekara tara. Wani tsohon malamin kiɗa ya ji shi, ya matsa wa iyayen sai an kai shi Legas. A can ya shekara bakwai yana koyon waƙar Turawa ta dā, wadda ake rerawa da harshen Italiya da na Jamus, ba lasifika, mutum ɗaya ya cika zauren da ke cin mutum dubu da ƙirjinsa kaɗai. Ya bayyana mini cewa sun kasa muryoyin maza hawa-hawa, tasa ita ce ta sama, suna ce mata tena.

Bai taɓa cin albashin kowa ba. Yau a kira shi bikin aure a Legas, gobe ofishin jakadanci a Abuja, lokacin Kirsimeti babban coci a Jos. Wani watan ya yi waƙa sau shida, wata uku kuma su wuce ba wanda ya tuna da shi. Sau ɗaya wata ƙungiya ta zo daga Turai neman mawaƙa, ya tsallake duk gwaji har ya kai na ƙarshe, ranar sai mura ta kama shi. Ya ce da ni: "Karatun shekara bakwai, Baba Malam, majina ta kayar da shi cikin minti huɗu." Yana faɗa yana dariya. Ni da na taɓa faɗuwa wata muhawara a kan nahawu tun ina saurayi, har yau ban yafe wa alƙalan ba.

Da shanyewar jiki ta kama mahaifiyarsa ya dawo gida da niyyar wata uku. Jinya ta yi tsawo, ya auri Sylvia mai ɗinki, zama ya kama. Ya shiga koyar da mawaƙan coci a Birnin Kudu da Gwaram, yana koya wa yaran makarantu taken ƙasa yadda ba za su kashe shi ba, yana da ɗalibai a Legas da ƙasashen waje waɗanda yake koya wa ta waya.

Haɗuwarmu ta farko ba ta ƙara mini daraja ba. Shekara goma sha biyu ke nan, na je Unguwar Ya ta'aziyya. Bayan addu'a mutanen ƙauyen suka kawo mini mas'ala: kowace safiya ana jin wata murya daga cikin duwatsu, tana hawa tana sauka, da wani yare da ba Hausa ba ba Fulatanci ba, har makiyaya sun daina bi ta wurin. Da na ce ban sani ba, da na huta. Sai na gyara zama na yi musu bayanin rabin awa a kan jinsunan aljanu da mazaunansu, na ƙarfafa cewa wannan daga mazauna kogo ne, kuma da alama tsoho ne. Washegari muka tafi mu tara, ni a gaba ina karanto abin da ya sawwaƙa. Muka tarar da wani mutum mai jiki, da gajeren wando da takalmin roba, babur ɗinsa a jingine, gorar ruwan ɗumi a kan dutse. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce maƙwabtansa na gari ne suka gaji da shi, shi ya sa yake fitowa daji. Har muka koma ba wanda ya ce mini uffan, wannan shirun kuwa ya fi mini zagi ciwo.

Ni dai ina tafsirin azumi a masallacin unguwarmu a Gwaram, bayan la'asar, a kan buzun da mahaifina ya zauna. Al'adarmu ba a gaggawa. Shekara tara ake yi kafin a sauke, kowane azumi a ɗora daga inda aka tsaya. Sau biyu na kai ƙarshe, ina cikin zagaye na uku. Bara, ranar sha ɗaya ga wata, na buɗe baki sai iska. Abdulnasir, wani matashi da ya dawo daga karatu a Masar, shi ya ƙarasa watan. Ya kuma yi kyau, abin da ya fi damuna ke nan.

Cikin Rajab Alhaji Ɗan'azumi, shugaban kwamitin masallaci, ya zo zaurena. Ya daɗe yana gaisuwa.

"Allah gafarta Malam, jama'a suna ganin ya kamata a hutar da kai."

"Wace jama'a?"

"Jama'a dai."

"Ɗan'azumi, ni na yi maka huɗuba a kunne ranar da aka haife ka. Bana za a sauke. Shekara takwas ina jan abin nan, sai ranar ƙarshe wani ya zo ya rufe?"

Ya sunkuyar da kai, amma bai janye ba. Muka rabu a kan cewa zan fara. Idan murya ta sake ɗaukewa ko da yini ɗaya, buzun ya zama na Abdulnasir har abada.

Na sha zuma, na sha citta da kanumfari, na lashi man shanu, na sha rubutu. Da abin ya ƙi, na tafi asibiti a Birnin Kudu. Likita ya haska maƙogwarona ya ce ba cuta, kumburi ne na wahalarwa. Ya ce: "Baba, ba magani za ka sha ba, magana za ka koya." Ina da shekara saba'in da biyu, na koya wa mutane ɗaruruwa mafitar haruffa, ga yaro sa'an ɗana yana cewa ban iya magana ba. Ya rubuta suna a takarda ya miƙo mini. Da na karanta na ga Bernard, sai na tuna gajeren wando.

Cikin yini guda na samo hujjoji bakwai da suka halatta mini zuwa wurin mawaƙi: lalura ce, neman magani ne, ilimin numfashi ba na wata al'umma ba ne, da sauransu. Shekara talatin mutane suna tambayata irin wannan, ban taɓa samo musu ko ɗaya ba. 'Yata Ummussalma tana aure a Birnin Kudu, sai na riƙa cewa zan je duba ta. Ina kuwa zuwa, in yi minti goma, don kada ya zama na yi ƙarya. Ta ce tun da aka kai ta ba ta taɓa ganina sau biyu a wata ɗaya ba.

Ranar farko na tarar da Bernard a ɗakin da yake koyarwa, ga wani abin kiɗa mai haƙora farare da baƙaƙe a jikin bango. Na ce sharaɗina kada a taɓa shi. Ya ɗauko zane ya lulluɓe.

Na ce: "Ka sani, ba waƙa na zo koyo ba."

Ya ce: "Ko ita ka zo koyo ba zan iya ba, Baba Malam. Ni malamin murya ne, ba mai mu'ujiza ba. Yi mini bayani na minti biyar, kamar kana gaban jama'arka."

Na zaɓi mas'alar rabon gado, don ya san da wa yake zaune. Ina yi yana ɗiga fensir a takarda. Na ɗauka hikimomin yake kamawa. Da na gama ya juyo mini takardar.

"Ashirin da uku."

"Ashirin da uku na me?"

"Gyaran murya. Kafin kowace jimla sai ka yi, wani lokacin har biyu. A maƙogwaronka akwai wasu 'yan tsoka biyu kamar leɓɓa, su ke ba da sauti. Duk lokacin da ka yi wannan kakarin, gwara su kake yi da juna. Shekara da shekaru kana marinsu, yanzu kana mamakin sun yi yaji."

A nan na yi masa jawabi mai tsawo. Na ce gyaran murya ba ciwo ba ne, ladabi ne. Da shi nake shiga gida mata su kintsa. Da shi ɗalibai ke sanin a yi shiru. Idan masu husuma suka ji shi sun san hukunci ya zo. A wurin mahaifina na gaje shi, shi ma a wurin nasa. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce a cikin wannan jawabin ma na yi sha ɗaya. Ya ce duk lokacin da ya taso mini in haɗiye yawu, in ja iska ta hanci har ciki ya cika, sannan in yi magana.

Sai ya ce in kwanta rigingine a tabarma, za a ɗora mini abu mai nauyi a ciki, in riƙa ɗaga shi da numfashi. Ya ɗauko littafin waƙoƙinsu, na ce Allah Ya kiyaye. Ya ce to wanda ke cikin jakata, na ce wannan akwai sunan Allah a ciki, ba a ɗora shi a kan tumbi. Muka tsaya cirko-cirko. Daga ƙarshe Sylvia ta kawo dutsen gugarta. Haka na kwanta, rawani a gefe, dutsen guga yana hawa yana sauka a kan cikina, ina roƙon Allah kada wani mutumin Gwaram ya leƙo ta taga.

Ya ba ni aikin gida: in saki leɓɓa in riƙa hura su suna karkarwa, in kuma hura iska ta bututun shan lemo a cikin kofin ruwa. Ina yi a ɗakina bayan hantsi, sai uwargidana Hajiya Batulu ta ɗaga labule.

"Malam, awaki kake kira ko babur ka saya?"

"Magani ne, Hajiya."

"To Allah Ya ba da lafiya. In ka gama wasa da ruwan a ba ni kofin."

Cikin Sha'aban Bernard ya yanke mini shiru na kwana goma, ban da salla, ko raɗa ya hana. Masu fatawa na riƙa rubuta musu amsa a takarda, suka tafi suna cewa Malam ya shiga halwa, ni kuwa ban gyara musu ba. Hajiya ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kai ƙarshen zance ba sai a kwanakin. Ta kuwa kai ƙarshen zantuka da yawa, wasu tun na shekarar da muka tare.

Azumi ya kama, murya ta dawo tas. Na zauna a buzu ina jin kaina kamar ɗan arba'in. A tafsiri mutum biyu ne: mai jan baƙi ya karanto Larabci, malami ya fassara ya yi sharhi. Mai ja mini baƙi tun farko shi ne Alaramma Salihu, makaho ne, sa'ana kuma abokin wasana. Ya yi basmala ya fara. Ya kai inda ya kamata ya tsaya, na haɗiye yawu na buɗe baki, sai ya wuce. Na jira gaɓa ta gaba, ya sake wucewa. Shafi ɗaya ya tafi, na biyu ya bi shi, ina ta buɗe baki ina rufewa, Ɗan'azumi a sahun gaba yana kallona yana kallon Abdulnasir. Tsoro ya kama ni kada a ce muryar ce ta ƙi fita. Na yi wani gyaran murya da sai da lasifika ta yi ƙara. Nan take Alaramma ya tsaya. Haka muka ƙare zaman a kan tsohuwar hanya, na tashi maƙogwaro yana zafi kamar na haɗiyi garwashi.

Da jama'a suka watse na ce: "Alaramma, yau tsere kake yi da wa?"

Ya ce: "Ni? Kai ne ka ƙi yin tari. Shekara ashirin da shida ban taɓa tsayawa don na ga dama ba, sai na ji kakarinka. Na ɗauka so kake mu sauke a zama ɗaya mu huta."

"To bara da yaron nan yaya kuka yi?"

"Shi na'am yake cewa. Kai ma ka ce na'am mana."

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma na ƙi ta, don kada a ce Malam yana kwaikwayon Abdulnasir. Na rubuta wannan ne don masu karatu su san irin mutumin da Bernard ya yi fama da shi.

Na kira shi a waya. Ya ce abu ne mai sauƙi, in ɗaga hannu kamar yadda mai jagorar mawaƙa ke yi. Na ce mutumin ba ya gani. Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar gidana a kan babur, tun daga Birnin Kudu. Na aika aka zo da Alaramma. Bernard ya gaishe shi, Alaramma ya karkata kai, sannan ya ambaci sunana.

"Wannan ba shi ne mai koya wa 'yan coci waƙa a bayan tasha ba? Zulkifli! Ashe duba Ummussalma ke nan?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Bernard ya jira ya gama, sannan ya ce a sana'arsu mai kiɗa ba ya kallon mawaƙi, numfashinsa yake saurare. Idan ya ji ya ja iska, ya san zai shigo. Ya ce tun da dole ne in ja iska ta hanci kafin kowace magana, Alaramma ya riƙe wannan a matsayin alama. Ya koma bakin ƙofa ya zauna da ladabi, muka gwada. Sau uku Alaramma bai ji ba. Bernard ya ce laifina ne, numfashin bai kai ciki ba. A na huɗu ya tsaya daidai. Don ya jarraba shi, Bernard ya ja nasa numfashin a tsakiyar aya, Alaramma bai ko rage gudu ba. Da ya kai gaɓa ya ce: "Wancan ba na Malam ba ne. Na Malam yana da ɗan fito a hancin hagu."

Bernard ya tambaye shi wa ya koya masa riƙe murya, don a shekarunsa bai ji rauni a cikinta ba. Alaramma ya ce: "Ba kowa. Ni ba na ganin jama'a, balle in yi musu ihu don in burge su." Na yi kamar ban ji ba.

Tun daga ranar muka kama hanya. Idan na yi ha'inci a numfashi Alaramma ba ya tsayawa, saboda haka dole na cika ciki kafin kowace jimla, abin da dutsen guga ya kasa tilasta mini. Ranar sha ɗaya, ranar da muryar ta ɗauke bara, ta wuce lafiya. Ranar ashirin da uku murya ta fara dushewa. Na kira Bernard, ya ce ba shi da sauran dabara sai ɗaya, in rage tsawon zama. Na ce ilimi ba ya raguwa. Ya ce wani ɗalibinsa na Gwaram ya gaya masa ana jiyo lasifikarmu daga shagonsa, kuma ya san labarin hajjina na farko da ka. Na zauna na duba, na tarar kusan sulusin tafsirina labaran tafiye-tafiyena ne. Na zubar da su. Ba wanda ya zo ya ce ya yi kewarsu.

Ranar ashirin da tara masallaci ya cika har titi. Muryata ta zama siririya kamar zare, amma tana fita. Alaramma ya karanto ayar ƙarshe, na ja numfashi, na fassara, na yi addu'ar sauka a hankali ba tare da ɗaga murya ba, jama'a suka shafa. Ɗan'azumi ne ya fara zuwa ya riƙe hannuna. Da na fito na hango Bernard a tsallaken titi ƙarƙashin darbejiya. Tun azahar yake wurin, kuma an gaya mini bai kai ruwa bakinsa ba saboda kunyar masu azumi. Ya ɗaga mini hannu ya hau babur ɗinsa, don ya isa gida da sauran haske.

Bayan Salla na zauna na tsara jawabin ajiye aiki. Na ƙawata shi da saja'i, wato jimloli masu amsa-amo, na yabi mutanen kirki da suke sauka da kansu kafin a sauke su. Na karanta wa Hajiya, ta ce ya yi kyau idan har za a karanta shi. Ana nan sai ga Ɗan'azumi, takardar tana aljihuna.

"Allah gafarta Malam, kwamiti ya zauna. An ga cewa idan Malam yana da sha'awar fara sabon zagaye..."

"Na karɓa."

Bai ma rufe baki ba.

Na je Birnin Kudu na gaya wa Bernard. Sai ya ce:

"Wata shekara tara, Baba Malam? Gaskiya zan faɗa maka. Muryar nan shekara uku nake ba ta, huɗu idan ka bar goro da gaske, ba irin barin da kake yi ba."

"Rai da murya duka a hannun Allah suke."

"Haka ne. Ni ma an kira ni Abuja watan Disamba. Waƙar tana da wani hawa da na daina kaiwa tun bara."

"Me ka ce musu?"

"Na karɓa."

Ya ce zai ci gaba da ganina duk Talata, amma da sharaɗin in bar wa Abdulnasir yini ɗaya cikin kowane uku. Muka ja, muka ja, har Sylvia ta leƙo ta ga ko lafiya. Na tsaya a kan ɗaya cikin huɗu, ya yarda. Allah Ya saka masa da alheri, Ya shiryar da mu baki ɗaya. Har yanzu ban gaya wa Abdulnasir ba, ina neman lafazin da zai nuna shawarar tawa ce.